Akwatin da ba ya jin "yi haƙuri": wasiƙa daga Faransa zuwa Tawa

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida. Ya sanyin bana a Tawa? Mu nan ba a magana, kafin ƙarfe 6 na yamma duhu ya rufe gari.

Ran da muka yi waya ka tambaye ni abin da ya sa kuɗin watan jiya suka zo da giɓi, na ce maka zancen da tsawo. Ga shi na zauna in warware maka. Kai da ka shekara da shekaru kana bin hanyar Tawa zuwa Yamai, kai za ka fi kowa gane shi.

Aikina ka san shi, rarraba kaya da motar kamfani a ƙauyukan da ke kewayen Orléans. Wata asuba na ratso gonakin alkama, hanya miƙe santal, ba kowa, ko kare babu. Ina kan 80. Sai ga allon sunan ƙauye, fari mai jan baki. A ƙasar nan wannan allo shi kansa doka ne: da ka gota shi iyakarka 50, an rubuta ko ba a rubuta ba. Na ɗage ƙafa daga totur amma ban taka birki ba, na bar mota ta rage da kanta, yadda muka saba a gida. Gaba kaɗan da cocin ƙauyen sai wal! Haske kamar walƙiyar damina. Na duba madubi. Ba jandarma, ba usur, ba wanda ya ɗaga mini hannu. Wani akwatin ƙarfe ne kawai mai ruwan toka tsaye a bakin titi. Radar ke nan, na'urar da ke auna gudun mota ta ɗauki hotonta. Abin haushin, akwai allon gargaɗi kafin wurin, na wuce shi hankalina na kan kwalayen da ke baya.

Takarda ta fara zuwa kamfani, tunda motarsu ce. Tun Janairun 2017 doka ta tilasta wa uban gida ya faɗi sunan direban da ke riƙe da sitiyari, in ya rufa masa asiri kamfanin ya biya tarar yuro 675. To wa zai rufa maka? Uban gidana ya kira ni, ba faɗa ba tsawa, ya ce in kawo permi ya kwafi lamba. Bayan kwanaki ga ambulan a akwatin wasiƙuna, da sunana. An rubuta rana, awa, minti, da inda abin ya faru. Gudun da na'ura ta auna: 61. Gudun da aka kama ni da shi: 56, don suna zare maka 5 saboda kuskuren na'ura. Tara yuro 135. In ka biya cikin kwana 15 ta dawo 90, in ka yi kunnen uwar shegu ta haura 375. Na biya 90 ta waya a daren, ina biya ina tsaki. Jaka 59 ke nan na sefa. Ka lissafa hatsin da za su saya a kasuwar Tawa.

Amma ba kuɗin suka hana ni barci ba. Permi a nan maki gare shi, su ce puwan, tun 1992. Cikakken direba 12, sabon hannu 6. Kowane laifi da abin da ake zara. Ni an zare mini 1, kuma zai dawo bayan wata 6 in ban sake ba. In sun yi ƙasa kana iya biyan kuɗi ka zauna aji kwana 2 a mayar maka har 4. In suka ƙare tas, permi ya mutu, sai ka jira wata 6 ka sake jarabawa. Ni kuwa permi shi ne gonata. Ran da ya mutu, ba aiki, ba kuɗin haya, ba abin aikowa.

Ka san abin da ya fara zuwa raina da na ga takardar? Wa zan je in ba haƙuri. Wallahi har na fara tsara gaisuwa a zuciya. A gida da sai in sauko, in gaida mai kaki, in tambayi iyali, mu bi salsala har a gano kakarsa 'yar Buza ce ko Keita, ko ya zama abokin wasana a yi barkwanci, in ta ƙi a kai ga na goro. Nan ba fuskar da za ka kalla. Hoton yana tafiya kai tsaye wata cibiya a birnin Rennes, can ake tantance lambar mota, can takarda ke fitowa. Wanda ya aiko maka ba ka san shi ba, shi ma bai san ka ba, kuma ɗan wane da ɗan talaka takarda iri ɗaya suke samu.

Abin ba tun fil azal yake ba. A 1972 mutum fiye da 16,000 suka mutu a hanyoyin Faransa cikin shekara guda. A farkon shekarun 2000 ana kusan 8,000. Shugaban ƙasa Jacques Chirac ya ɗauki maganar da zafi a 2002, aka kafa radar ta farko mai aiki da kanta a Oktoban 2003 kusa da Paris. Yanzu ana 3,000 da 'yan ɗaruruwa a shekara, alhali motoci sun ninka na 1972. Ba radar kaɗai ta yi aikin ba, akwai ɗaura bel, da awon giya, da ingancin motoci, amma gudu ya ragu a fili tun da aka san ba a roƙo.

Kada ka ɗauka Faransawa sun rungumi abin da murna. Ran 1 ga Yulin 2018 gwamnatin firaminista Édouard Philippe ta rage gudu daga 90 zuwa 80 a hanyoyin karkara, irin waɗanda mai zuwa da mai dawowa ke gogayya ba shinge tsakani, wato irin namu sak. Mutanen ƙauye suka ce 'yan birni masu jirgin ƙasa a ƙofar gida ne ke yi musu doka. Da Nuwamba ta zo aka haɗa da ƙarin harajin mai, masu riguna ruwan ɗorawa suka cika mahaɗar hanyoyi. Radar ce ta fara shan wuya: wata a ƙone, wata a shafe mata ido da fenti, wata a lulluɓe da ledar shara. A Janairun 2019 ministan cikin gida da kansa ya ce kusan kashi 60 cikin 100 an lalata su. Ƙarshen shekarar aka yi dokar da ta ba kowane yanki damar mayar da 90 a wasu hanyoyinsa. Shi ya sa yau hanya guda, nan 80, ka tsallaka iyakar yanki ka ga 90. Ga mai aikina wannan ya fi komi ciwon kai.

Wani dattijo da muke aiki tare ba ya kiran radar sai injin tatsar kuɗi. Ba na ce ba shi da gaskiya gaba ɗaya ba. Yuro 90 ɗin da ta girgiza mini wata, mai babbar Mercedes ko a jikinsa. A Finlan tarar babban gudu daidai samun mutum ake yanka ta, wannan ya fi kama da adalci a ganina. Sun ɗan sassauta dai: tun Janairun 2024, in abin da ka ɗara bai kai 5 ba, ka biya tara amma ba a taɓa maki. Ni da 6 na ɗara. Ka ji rashin sa'a.

Paris kuwa sun wuce nan. Tun ƙarshen Agustan 2021 yawancin titunan birnin 30 ne. Babban titin da ya zagaye shi, mai kilomita 35, magajiyar gari Anne Hidalgo ta sauko da shi daga 70 zuwa 50 a Oktoban 2024. Ka kwatanta a ce kabu-kabun Yamai da masu faba-faba su riƙa tafiya a 30, ai sai an kwana ana dariya. Su ma radar ɗin iri-iri ne. Akwai mai ɗaukar lambarka a nan, ta sake ɗauka bayan kilomitoci, ta raba nisa da lokaci, don haka taka birki a gabanta ka sake sheƙawa ba ya fisshe ka. Akwai motoci marasa alama da ke yawo cikin jama'a, tun 2018 aka fara ba kamfanoni tuƙa su a yankin Normandi, ko hasken ba za ka gani ba. Direbobi na yi wa juna ishara da fitila kamar yadda kuke yi, ko su duba manhajar waya mai suna Waze, amma wannan ba ta da magani.

Na ji wasu 'yan uwa na cewa a sayo irin akwatunan nan a jera daga Yamai har Ƙwanni. Da farko ni ma haka na ce. Da na riƙe takardar nan a hannu sai na ga akwatin shi ne ƙaramin aiki. Lambar mota ta kai su ga kart giriz, wato takardar mallakar mota, kart giriz ta kai su ga suna, suna ya kai su ga lambar gida, gidan kuma da akwatin wasiƙa da mai kawo wasiƙa kullum. Mu fa? Mota an sayar da ita hannu uku, takarda na nan da sunan mai ita na farko, wataƙila ma yana Abijan ko ya riga mu gidan gaskiya. Adireshinka kai kanka, bayan masallaci, kusa da mai shayi, a tambayi gidan direba. Radar za ta haska, sannan a kai wa wa? Ƙarshenta sai an tsayar da mutum kusa da ita ya karɓi tara, mun koma gidan jiya.

Amma maganar gudun kanta, Yaya, ta fi shafar mu da su. Suna da manyan hanyoyin biya inda ake yin 130, in ana ruwa 110, sai dai a katange suke, ba jaki ba ɗan Adam. Tamu kwalta guda ce ta ɗauki bas, da kamyon albasar Galmi, da amalanken jaki, da garken shanu, da 'yan makaranta, ga kasuwa ta ci rabin titi. Zuwana na ƙarshe ina zaune gaba kusa da direba, mun karya a Tsarnawa mun yi arewa. Na saci kallon allurar gudu, 120. Muna shiga wani gari wata yarinya da tire a ka ta sa ƙafa za ta tsallaka. Bai taɓa birki ba, oda ya danna. Ta ja baya, tiren ya kife, na ga gyaɗa na watsewa a madubi. Ba wanda ya ce uffan. Wani a baya ma yabo ya yi, wai yaron nan ya iya mota. Da a hankali yake tafiya, ka san abin da za su ce: malam, ƙwai ka ɗauko?

Yi lissafi da kanka. A 120, cikin daƙiƙa guda, kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki, mota ta ci mita 33. A 90 mita 25, a 50 mita 14. Riba kuwa? Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne. Wanda ya riƙe 100 da wanda ya riƙe 90, tsakaninsu bai cika minti 40 ba. Bai kai abin da muke ɓatawa a Doso ko Dogon Dutse wajen balangu da shayi ba.

Ga kuma abin da ke biyo bayan hatsari. Nan ka buga 15 ko 18 ko 112, motar asibiti ta zo da ma'aikata da kayan aiki. Tsakanin Ƙwanni da Badagishiri da dare, ka fi ni sani, sai wanda Allah ya kawo ya ɗora mutum bayan motarsa. Mota a nan da ta shekara 4 sai an kai ta awo, daga nan duk bayan shekara 2, birki, fitila, taya. Tayar da suka ce ta ƙare, irinta ake lodawa a kawo mana mu ce sabuwa. Inda muka fi su kam shi ne bakanike. Namu zai kwance abu ya gyara da kuɗin shayi, nasu ba ya gyara, ya cire ya sa sabo, ya caje ka kuɗin awa har ka ji jiri.

Tun ranar na koyi wani maɓalli da ke jikin sitiyari, wanda na shekara ina kallo ban taɓa ba. Ka saita shi a 50, ko ka danna totur mota ba ta wucewa, sai in ka take shi har ƙasa. Da na ga allo mai jan baki sai in latsa. Da yawa cikin motocin hannun da ake kai mana suna da shi. Ka duba taka, wajen hannun hagu ko bayan sitiyari, in ka ga an rubuta LIM ka ɗauko hoto ka turo in nuna maka yadda ake yi.

Ka gaida Kawu, ka ce saƙon maganinsa na hannun wani ɗan Illela da zai taso ƙarshen wata. Inna kuma in ta sake tambayar jaka 59 ɗin, kada ka ce mata tara, hankalinta zai tashi ta ɗauka kama ni aka yi. Ka ce an ɗauke ni hoto ne, mai hoton ya yi tsada. Zan cika mata a watan gobe in sha Allah.

Ƙaninka.