Murfin tagulla na bawul: ƙaramin kaya da ya fi muhimmanci wajen cire radiyeta

A gidajen Birtaniya, mai son yin fenti ko filasta a bayan radiyetar ɗumama ɗaki dole ya sauke ta daga bango. Shagunan kayan gini irin su Screwfix da Toolstation suna sayar da kayan wannan aiki: makullin fitar da iska, farantin tarar ruwa, hular roba ta rufe bawul, da murfin tagulla mai wosha a ciki. A cikinsu duka, murfin tagullar ne bai kamata a fara aiki ba tare da shi ba.

Dalilin yana wajen bawul mai lambobi, wanda ke daidaita zafi da kansa. Mutane suna murɗa shi zuwa alamar ƙanƙara su ɗauka sun rufe, alhali aikin wannan alama shi ne buɗe ruwa idan sanyin ɗaki ya sauka wajen digiri 7. An cire radiyeta, an bar taga a buɗe don fenti ya bushe, tsakar dare bawul ya buɗe, baƙin ruwa ya malale kafet har ya ratsa silin na ƙasa. Hular roba tana danne allurar bawul ɗin, kuma tana aiki, amma ba kowace ke hawa kowane bawul ba. Yawancin bawul zaren murɗawarsu girman M30 ne, wasu na kamfanin Danfoss kuwa nasu daban. Idan robar cikin bawul ta tsufa, ɗiga zai ci gaba ko da hular. Murfin tagulla bakin bawul ɗin yake toshewa gaba ɗaya, don haka ko ya buɗe babu inda ruwa zai bi.

Aibinsa ɗaya, girma biyu ne. Bawul mai notin milimita 15 yana ɗaukar murfin rabin inci, mai babban noti kuma na inci uku bisa huɗu. A auna kafin a je shago, ko a sayi biyu na kowanne, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya zo babu wosha, a naɗa farin tef na PTFE a zaren.

Ga yadda aikin yake. A kashe boila, wato tukunyar ɗumama ruwan, a bari ruwa ya huce. A rufe bawul mai lambobi, sannan a zare hular bawul na ɗaya gefen a rufe shi da sifana, ana ƙirga murɗawa a rubuta, domin da wannan lissafi aka raba zafi tsakanin ɗakuna. A riƙe jikin bawul da sifana ɗaya, a sassauta noti da ta biyu. Idan ba a riƙe ba, bututun jan ƙarfen zai lanƙwashe ya fara yoyo a ƙarƙashin daɓe. Sai a buɗe mafitar iska ta sama, ruwa ya sauko. Radiyeta mai ruɓi biyu, tsawon mita ɗaya da tsayin santimita 60, tana riƙe sama da lita 6, nauyinta kuma ya kai kilo 30, aikin mutum biyu ne. A toshe bakinta da tsumma kafin a ɗaga, saboda ragowar baƙin laka na tsatsa ba ya fita daga kafet. Da an sauke ta, sai a ɗaura murfin tagulla a bakin kowane bawul.

Farantin bai burge ba. Ba shi da zurfi, sai an yi ta rufe noti ana juyewa a bokiti. Makullin iska kuwa a sayi na tagulla, na gwangwani bakinsa saurin cinyewa yake yi.

Bayan an mayar da radiyeta, a buɗe bawul gwargwadon abin da aka ƙirga, a fitar da iska, a ƙara ruwa har allurar matsin ruwa ta boila ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5 yayin da take a sanyaye. A kuma ƙara maganin tsatsa irin Fernox F1 ko Sentinel X100, tunda wanda ke cikin ruwan da aka zubar ya tafi da shi.