Masu gyaran gida bayan ambaliya: sharhi kan aikin da aka yi mana a Maiduguri

Gidan da aka yi wa aikin yana Gwange, ginin bulo da siminti ne, ɗaki huɗu da falo, ƙasa kuma tayil. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, kogin Ngadda ya tumbatsa ya shigo gari, ruwa ya kai ƙirjin babban mutum a cikin falo, ya kwana biyar kafin ya janye. Kamfanin da muka ɗauka ƙarami ne, ma'aikata shida da shugabansu. Ba zan kama suna ba. Yadda suka yi aikin ne abin dubawa, domin wanda zai ɗauki irinsu ya san abin da zai nema.

Ranar farko ba su taɓa shebur ba, kuma wannan ne ya fara sa na yarda da su. Sun tabbatar an yanke wuta daga mita, sun zagaya bango ciki da waje suna neman sabuwar tsaga, musamman kusurwa da saman ƙofa da taga, sun kuma leƙa gindin katanga ko ruwa ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin fandisho. Katangar baya ta ɗan karkata, suka tokare ta da katako suka hana kowa bi ta wajen. Sannan suka ja layi da alli daidai inda ruwa ya tsaya, suka ɗauki awon danshi a kowane bango, a ƙasan layin da kuma samansa, suka rubuta.

Sauran ruwan tsakar gida da injin ban ruwa mai inci 3 suka fitar, irin na masu noman fadama, aikin rabin yini. Wahalar tana cikin taɓo. Shi taɓon ambaliya da laushinsa ake kwashe shi, in ya bushe ya kama tayil da filasta sai an kankare. Kwana uku suna shebur da baro, sannan wanki da omo da burushi mai tauri, daga sama zuwa ƙasa. Kowannensu da takalmin roba da safar hannu da takunkumi, kuma wanda ya yanke a hannu sai da aka cire shi daga aikin ranar. Ruwan da ya shigo ya bi ta masai da sokawe da kwatoci kafin ya iso ɗaki, ba ɗaya yake da ruwan famfon da ya fashe a bango ba. Gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara a watan Oktoba na shekarar, don haka wannan taka-tsantsan a kan hanya yake.

Wajen kashe ƙwayoyin cuta sun san aikinsu. Ba su zuba bilic a kan taɓo ba, domin datti yana cinye ƙarfin kulorin, sinadarin da ke cikin bilic, kafin ya yi wani amfani. Sai da wuri ya wanku tas, sannan suka haɗa bilic ɗin kasuwa, wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin 100 a jikin robarsa, lita 1 cikin ruwa lita 16. Wannan haɗin yana ba da kusan kashi 0.2 cikin 100, ƙarfin da ake amfani da shi a ƙasa da bango lokacin kwalara. In garin kulorin ne mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, giram 30 cikin lita 10 ya yi daidai da haka. A bar shi jiƙe a wurin minti 10 ko fiye kafin a ɗauraye. Kullum sabo suke haɗawa, saboda zafi da hasken rana suna kashe shi. Shugabansu ya kwashe duk maganin wanke masai daga banɗaki kafin a fara, tunda da yawansu akwai asid a ciki, in ya haɗu da bilic yana tayar da hayaƙi mai shaƙe numfashi.

Kan kayan ɗaki ba su yi mana daɗin baki ba. Katifun soso, matasai, kafet da kushin, duk zubarwa, domin ruwan ƙazanta ya shiga cikinsu inda wanki ba ya kaiwa. Kabad ɗin kicin na garin katako da aka matse ya kumbura ya fara rugujewa, shi ma ya tafi. Gadaje da ƙofofi na katako na gaske an wanke su an jingine a inuwa mai iska. Rana kai tsaye tana busar da waje ta bar ciki jiƙe, sai katakon ya tanƙware ko ya tsage.

Busar da bango shi ne abin da aka biya kuɗi dominsa, kuma a nan ne yabo da gyara suka haɗu. Sun kawo manyan fankoki huɗu masu hura iska a ƙasa da na'urar tsotse danshi guda biyu. Kwana ukun farko sun kunna su duka tagogi a buɗe. Kuskure ne. Na'urar tsotse danshi ɗaki rufaffe take so, in taga na buɗe iskar unguwa take tsotsa, ana ƙona mai a banza. Ko dai a buɗe ko'ina a bar fanka ta yi aiki lokacin da iskar waje ta fi ta ciki bushewa, ko a rufe ruf a kunna na'ura. Da aka yi magana sun gyara: rana a buɗe da fanka, dare a rufe da na'ura, ana son laimar ɗaki ta sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100. Amma kuɗin hayar waɗannan kwana ukun da man janareta ba su rage ba, kuma hakan bai yi mini daɗi ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi. Bulo mai inci 9 rami ne a cikinsa, kuma bangon da ya sha kwana biyar a ruwa yana iya riƙe ruwa a waɗannan ramuka. Mako guda ana hura iska, awon gindin bangon falo ya ƙi sauka. Sai a kwana na takwas suka huda ƙananan ramuka a sahun bulo na ƙasa, ta waje, ruwa ya riƙa tsiyaya. Da tun ranar farko aka yi haka, da an rage kwanaki. Haka ma tayil: sai an bi da ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙarar fanko a ɗaga shi, domin ruwa mai wari yana kwance a ƙarƙashinsa. Wannan kam sun yi shi, guda 14 suka ɗaga.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙin yin fenti. Bayan kwana 12 bango ya yi fari, ido ya ce ya bushe, kowa a gida ya matsu a koma. Shugabansu ya manna leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe a jikin bango, ya liƙe gefunanta da salatif, ya bar ta ta kwana. Da safe ƙarƙashinta ya yi gumi, filastar ta yi duhu. Magina suna lissafin cewa bango mai kauri yana bushewa kamar inci 1 a wata, in an bar shi da iska kawai. Wanda ya shafa fentin mai a kan irin wannan bango ya kulle ruwan a ciki, bayan 'yan makonni fentin zai yi ƙuraje ya ɓare, fumfuna ta fito a bayan kabad. Shugaban nasu ya kuma yi bayanin da ba kowa ke yi ba: na'urar awon danshi mai allura biyu don katako aka yi ta, a jikin siminti kwatance kawai take bayarwa, kuma gishirin da ke fitowa fari-fari a bango yana sa ta nuna danshi fiye da yadda yake. Shi ya sa suke gwada awon ƙasa da na saman layin alli, inda ruwa bai kai ba. Gishirin kuwa da busasshen burushi ake share shi, in an wanke da ruwa ya narke ya koma cikin filasta. Sun ce a jira hunturu ya yi aikinsa kyauta, kuma sun yi gaskiya. A watan Janairu aka yi fenti, na ruwa, mai barin bango ya yi numfashi.

Wuta ba su da ƙwararre nasu, sai da muka kawo mai aikin lantarki daban, kuma ya kamata a ce sun faɗi haka tun wajen ciniki. Duk soket da makunni da bireka da ruwa ya taɓa an canja su, domin taɓo yana zama a ciki ya kawo tsatsa da tartsatsi. An buɗe akwatunan haɗin waya, an hura iska cikin bututun waya har ruwa ya fita, sannan aka gwada rufin wayoyin da na'urar mega a kan bolt 500. Layin da awon ƙarfin rufinsa bai kai megaohm 1 ba, ba a mayar masa da wuta ba sai da aka sake jan waya. Janareta kuwa a tsakar gida ya zauna duk tsawon aikin, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.

Tankin ruwa na ƙasa sun kwashe shi, sun goge, sun zuba kulorin ya kwana, suka zubar suka ɗauraye, ba a sha ba sai da awo ya nuna kulorin ya sauka zuwa miligiram 0.5 a lita. Sokawe kuma sai da muka kira motar kwasa da kanmu.

Zan sake ɗaukar su, amma da takarda a hannu. A rubuta cewa kuɗin na'ura ya dogara da awon danshi na kullum, su bar wa mai gida kwafin awon, a fayyace wa zai sayi mai, a kuma sa huda bulo da gwajin wuta cikin aikin tun farko. Mai ginin ƙasa kuwa kada ya ɗauki wannan tsarin ya kai gidansa. Bangon ƙasa da ya jiƙe daga gindi yana iya zubewa bayan ruwa ya janye, don haka magini ne zai fara duba shi kafin kowa ya shiga da fanka.