Gargaɗi ga masu roba-roba a Gombe: ku yi hattara da masu tallan akwatin bayan mashin

Assalamu alaikum jama'ar Gombe, musamman masu mashin roba-roba, da ƴan uwanmu mata malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗalibai masu hawa Haojue ko Lifan zuwa aiki. Dan Allah ku ɗan tsaya ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisi da sunan sayen akwatin nan da ake ɗaurawa a kan kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya na bayan mashin, wanda ake sa hular kwano da jaka a ciki a kulle. Akwai wasu mutane da suka mayar da abin nan hanyar cin kuɗin jama'a, kuma abin ya wuce asarar kuɗi kawai, ya kai ga ana wasa da rayukan mutane a kan titi.

Za ku gan su a Facebook da status na WhatsApp, wani lokaci har TikTok. Hoto ne mai ƙyalli, akwati baƙi wul da jan madubi a baya, an manna masa sunan Givi ko Shad, a ƙasa an rubuta wai orijina ne ɗan Kwatano, saura guda uku kacal, kuma za a kawo har gida a ɗaura kyauta. Farashin kuma idan ka gani sai ka ce kai ka tsinci dami a kala. Givi kamfanin Italiya ne, Shad na Sifen, kayansu ba su da araha ko a can ƙasashen nasu balle a ce sun tsallako teku sun biya kuɗin kwastan sun iso Gombe a farashin bokiti, sitika ce kawai ake bugawa a manna.

Iri biyu ne ƴan damfarar. Na farkon ba zan daɗe a kansu ba don kowa ya san salonsu. Sai ka biya rabin kuɗi tukuna, a ce kaya daga Kano za a saka a mota, washegari wani ya kira ka wai shi ne direba, ya wuce Darazo yana hanyar Dukku amma ba a biya shi kuɗin lodi ba, ka tura masa dubu biyu ko uku in ba haka ba zai koma da kayan. Ka tura. Ka je Tashar Dukku ka yi ta zama har magariba, lambar direba a kashe, mai kaya ya yi bulokin ɗinka. Alamar da ba ta ɓuya a nan ita ce sunan da ke kan asusun da aka ba ka daban da sunan shafin, daban da sunan wanda kake magana da shi, in ka tambaya ya ce na matarsa ne ko na yaron shago.

Na biyun su ne suka sa na zauna nake wannan dogon rubutu, don su kam suna kawo akwatin da gaske, shi ya sa mutum ba ya gane an cuce shi sai abu ya faru. Yaro ne zai zo da akwati a bayan mashin da ɗan injin huda a jaka, da fara'arsa da ladabi, Hajiya ina kwana, Hajiya ki shiga ciki ki huta minti goma na gama. Kafin ki fito ya gama, akwati zaune daram a kan kariya gwanin sha'awa, ya buɗe ya rufe ya miƙa miki makulli, ya tsaya sai ya ga alat na cikon kuɗi sannan ya wuce. Abin da ba ki gani ba shi ne abin da ke ƙarƙashi. Babu faranti, wato abin da ya kamata akwatin ya zauna a kai. Gindin akwatin ya huda kai tsaye ya zura sukurun nan masu tsini da ake kafa kwanon rufi da su, ko kuma ya ɗaure da igiyar roban nan da masu wayarin ke haɗe wayoyi da ita, baƙaƙe, ya datse bakinsu yadda ido ba zai kai ba sai an durƙusa.

Haka aka yi wa wata abokiyar aikin ƙanwata. Tana dawowa daga wajen Tumfure da yamma, ta hau bam ɗin titi ba ma da gudu ba, akwatin ya yi tsalle ya bar mashin ya faɗa tsakiyar hanya, ciki akwai laftof ɗinta da takardun ɗalibai. Mai Keke Napep da ke bayanta ya kauce da ƙyar, saura ƙiris ya kwashe wani bawan Allah da ke gefen titi, Allah ne kawai ya kiyaye. Da aka kawo mashin wurin bakaniken unguwarmu na je na gani da idona, ramukan gindin akwatin sun yage, sukurun suna nan maƙale a kariya da gutsuren roba a jikinsu. Ta kira mai kayan, da farko ya ce ai ita ce ta cika masa kaya, daga baya ya ce garantinsu ba ya ɗaukar faɗuwa, daga nan kuma waya ta daina shiga. Shafin ma ya canza suna, amma hotunan dai su ne.

To bari in yi bayanin yadda abin yake in na gaskiya ne, don wanda ya san wannan ba mai iya yi masa wannan wasan.

Akwatin kirki kashi biyu yake zuwa, akwai shi akwatin akwai kuma farantin da yake zama a kai. Farantin ne ake ɗaurewa a jikin kariya, shi akwatin ba a huda shi sam. Ana ɗora farantin a saman kariya, a sa wasu ƙarafa masu lanƙwasa ta ƙasa su rungumi sandunan kariyar, sannan a zura bol guda huɗu daga sama su ratsa faranti su ratsa ƙarafan a ɗaure da noti. Yawanci bol ɗin mai kaurin milimita 6 ne, wanda sifana mai lamba 10 ke kamawa. Kowanne da washa, kuma notin ya zama irin mai zoben roba a cikinsa, don shi girgizar hanya ba ta warware shi da sauƙi, in babu shi a sa noti biyu-biyu ko washa mai sifirin. Ku duba kan bol ɗin, mai ƙarfi za ku ga an buga 8.8 a kansa, wanda ba rubutun komai kuma yake walƙiya kamar azurfa ku bar musu abinsu, sau da yawa wurin ɗaurewa ma zarensa ke cinyewa. Kuma ba a ɗaure ɗaya tamau a koma na gaba, a hankali ake bi ana zagayawa, na gaba dama sai na baya hagu, har faranti ya zauna daidai bai karkace ba. In an yanko tsohon tub an shimfiɗa tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya fi, yana rage ƙara da zamewa.

Bayan nan ne akwati zai hau. Yana da harshe ta gaba da ke shiga cikin faranti, sai ka danna bayansa ka ji ya ce ƙas, ya kama kenan. In ka murɗa makulli ka danna maɓalli sai ya fita gaba ɗaya ka shiga da shi ofis ko gida. Duk wanda ya ce miki Hajiya wannan sabon samfuri ne ba ya buƙatar faranti, ko ya ce farantin daban ake sayarwa zai kawo jibi amma bari ya ɗan kama miki da waya kafin nan, ki karɓi makullin mashin ɗinki ki ce masa ya tafi da kayansa. Akwai ƙananan akwatuna masu araha da ake ɗaurewa ta cikin gindi kam, ban ce babu ba, amma su ma da faffaɗan ƙarfe suke zuwa ciki da waje da bol da noti, ramukansu daga kamfani suke, ba wani ya zo ya huda a ƙofar gida ba.

Sai maganar ita kariyar kanta, wadda masu tallan ba za su taɓa ɗaga ta ba don tana iya ɓata musu ciniki. Ba kowace roba-roba ce ke da kariya ta gaske ba. Wasu abin da ke bayansu marikin fasinja ne kawai, wani na alminiyom wani ma roba ce aka yi wa fenti, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Ka ɗaga sit ka bi da ido ka ga ina ƙafafun kariyar suka tafi, in a jikin firam ɗin mashin aka ɗaure su to madalla, in kuwa a jikin robar bodi suka tsaya to ko akwatin zinari ka sa sai ya zo ƙasa wata rana. In akwai tsaga ko tsatsa a wurin walda a gyara tukuna. Kuma wanda nasa alminiyom ne ya sani mai waldan bakin titi da ke aiki da ilektirod na ƙarfe ba zai iya haɗa masa shi ba, gara a ƙera sabuwar kariya ta ƙarfe a ɗaura a firam. Muna da masu walda a garin nan da suka iya wannan aikin sosai, kuɗin ma ba wani mai yawa ba ne.

Nauyi kuma. A talla za ka ji suna cewa yana ɗaukar kilo ashirin, har da bidiyon wani ƙato ya hau kai ya zauna, a ƙasa fa aka ajiye akwatin ba a kan mashin ba. Ƙananan akwatunan Givi na asali da ake yi wa irin waɗannan mashinan, kilo 3 kamfanin ya ce a zuba a ciki, manyan nasu na manyan babura ne ke kai kilo 10. To in na asali kilo 3 ne, wane ne jabu da zai ɗauki ashirin? Ita lita 30 ko 45 da ake rubutawa faɗin ciki ne, ba nauyin da zai ɗauka ba, nan ma suna rikita mutane da gangan. Dalilin ƙa'idar kuwa shi ne akwatin yana zaune can sama kuma a bayan tayar baya, duk abin da ka ƙara masa yana sauƙaƙa gaban mashin, kan ya fara rawa in ka ɗan taka, ga shi duk ramin da ka faɗa nauyin ninkuwa yake yi a kan bol ɗin nan huɗu. Wanda ke bin hanyar Kumo ko Bajoga ko cikin lungunan Pantami da Bolari bayan ruwan sama ya san me nake nufi. Hular kwano, rigar ruwa, jaka, ƴan takardu, shi kenan aikinsa. Mudun shinkafa biyar da galan ɗin mai a sa su a gaba wurin ƙafa.

Shi kansa jabun akwatin ba wuyar ganewa in ka riƙe shi a hannu, shi ya sa ba sa son ka gani kafin ka biya. Sunan kamfani sitika ce da farce ke ɓarewa. Ka danna murfin da babban yatsa za ka ji yana lotsawa, ka buɗe ka shinshina za ka ji warin ƙonanniyar roba, irin robar da aka narkar aka sake, kuma zafin Gombe na watan Maris da Afrilu ba ya barin irinta, kafin damina ta zo robar ta bushe ta fara tsagewa. Bakin murfin ba zoben roba mai hana ruwa shiga. Jan abin da ke baya in ka haska shi da tocila da dare ba ya mayar da haske. Sai kuma wani abu da bakaniken nan ya nuna min wanda ya fi ba ni haushi, ya ɗauki makullin wani akwatin irinsa ya buɗe na abokiyar aikin ƙanwata da shi, wato duk wanda ya saya a wurinsu yana yawo da makullin akwatin kowa. Ka ajiye mashin a bakin babbar kasuwa ka shiga cefane da sunan ka kulle kayanka.

Don haka in za ku saya, ku je shagon kayan mashin da ke da ƙofa da mai shi a zaune, wanda gobe in abu ya lalace za ku same shi. Ku tafi da mashin ɗin da bakanikenku, a buɗe kwali a gabanku a ƙirga faranti da ƙarafa da bol da noti. In ta intanet ne dole, to kuɗi sai kaya sun iso an gani. A ɗaura kuna tsaye, kar ki shiga ciki ki huta Hajiya, ki tsaya a kansa. In an gama a kama akwatin da hannu biyu a girgiza da ƙarfi gefe da gefe da sama, mashin ɗin ne gaba ɗaya ya kamata ya motsa, in akwatin ne ke rawa shi kaɗai aiki bai yi ba. A duba sit yana buɗewa har ƙarshe, don da yawa tankin mai a ƙarƙashinsa yake, kar sai an je gidan mai a gane. A duba bai rufe wutar burki da sigina da lamba ba, kar ka sayi rigima da ƴan rod sefti da kuɗinka. Bayan ƴan kwanaki ana hawa a sake bin notunan da sifana, sabon ɗauri yakan saki kaɗan.

Wasu za su ce me ya sa ban saka suna da lambar mutanen ba. Suna canza su kamar riga, kuma sau da yawa asusun da suke karɓar kuɗi da shi na wani ne da suka yaudara ya ba su aro, ba na so in ɗauki alhakin wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa nan take ya shigar da ƙorafin damfara, kar ya bari ya kwana, ya adana rasit da hoton hirarsu da na shafin kafin su goge, ya kai wa ƴan sanda, EFCC ma suna da ofis a nan Gombe. A kuma yi ripot ɗin shafin a Facebook.

Waɗanda kuma an riga an ɗaura musu, yau ɗin nan ku ɗauki tocilar waya ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashin kariya. In kun ga bakin sukuru mai tsini ko igiyar roba ko waya a maimakon noti, ku kwashe kayan ciki, a cire akwatin a ajiye a gida har sai an samo faranti da bol na kirki. Ku tura wa ƴan uwa mata da ke guruf ɗin makarantu da asibitoci, don su aka fi bi da tallan nan.