Radar ta X ko ta S: wacce za ka kalla a jirgin ruwa?

Samarin Damagaram masu neman aikin jirgi a Kwatano da Lome sun sha tambayata wacce ta fi tsakanin nau'o'in radar biyu, wato na'urar da ke nuna wa matuƙi jirage da gaɓar da ke kewaye da shi a kan allo. Ga yadda suke.

Ta X tana aiki a kan mitar rediyo ta gigahaz 9, tsawon igiyar rediyon da take aikawa santimita 3. Hotonta tas yake, tana raba kwalekwale biyu da ke dab da juna, eriyarta ƙarama ce, kuɗinta da sauƙi. Ita kaɗai ke ganin na'urar neman ceto ta SART. Matsalarta ruwan sama. Da hadari ya sauko sai allo ya cika da dusa, in ka matsa maɓallin rage dusar ruwan da yawa kuma, ƙananan jirage su ɓace tare da dusar. Nan ne haɗarin yake, shi ya sa ake murɗa shi kaɗan-kaɗan.

Ta S gigahaz 3 ce, santimita 10. Tana ratsa ruwan sama, tana hangen nesa, amma eriyarta takan wuce mita 3, ga tsada. Hazon hunturu dai ba ya makantar da ko ɗaya.

Mai ƙaramin jirgi kusa da gaɓa, X ta ishe shi. Babban jirgi mai tsallaka teku da damina, S zai fi dogara da ita, X na gefe don shiga tasha.