Kafin ka sayi abin awon pH na tankin murjani

Duk mai ajiye murjani a tankin ruwan gishiri akwai ranar da pH, wato ma'aunin yawan asid ko alkali a ruwa, zai fara hana shi sukuni, ya ga 7.9 ya ruɗe ya tafi neman garin da zai zuba. Ni abin da nake gayawa mutane kullum shine kafin ka sayi maganin ɗaga pH, ka fara sayen abin da zai gaya maka gaskiyar pH ɗin, dan da yawa awon ne ƙarya, ruwan lafiyarsa lau. Ruwan teku pH ɗinsa wajen 8.1 ne, a tanki kuma daga 7.8 zuwa 8.4 murjani na rayuwa, in ka samu 8.1 zuwa 8.3 to madalla. Kuma baya tsayawa waje ɗaya, da rana fitila na kunne gansakuka da murjani suna zuƙe CO2, iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ya hau, da daddare su dawo da ita sai ya sauka, bambancin yakan kai 0.2 ko ma 0.3. Kaga kenan awo ɗaya da safe bai isa ka yanke hukunci ba.

Takardar awon pH ta tsomawa a ruwa ni bana ba da shawararta ga mai murjani, kalar 7.8 da ta 8.2 kusan ɗaya suke a ido. Na ɗigo irin su Salifert ko API ya fi ta, zaka ɗebi ruwa a ƴar kwalba ka ɗiga maganin ka kwatanta kala da kati, API High Range yana karanta 7.4 zuwa 8.8. Matsalarsa dai ido ne, musamman in ka duba kusa da shuɗiyar fitilar tanki, sai kaga kalar da babu ita. Ka fita hasken rana ka duba a jikin farar takarda. Ga mai kifi da murjani masu laushi wannan ya wadatar gaskiya.

Sai mita ta hannu mai kama da biro, irin na Hanna ko Milwaukee ko Apera. Anan nafi so mu daɗe, dan mutane suna ganin lamba ta fito a sikirin sai su ɗauka shikenan magana ta ƙare, alhali mitar da ba a saita ba gara na ɗigo da ita sau goma. Dole ka saita ta da ruwan saiti guda biyu, na 7 da na 10, kar ka ɗauki na 4 tunda ruwanmu sama da 7 yake. Kuma ruwan 10 ɗin nan da ka buɗe shi yake fara shan CO2 na iska yana sauka, shi yasa ƴan fakitin da ake yagawa a yi amfani sau ɗaya a zubar sun fi babbar kwalba da zata shekara a kan kanta. Kan mitar gilashi ne, baya son bushewa, a ruwan ajiyarsa mai sinadarin KCl ake tsoma shi, kar ka kuskura ka ajiye shi a ruwan RO, wato tataccen ruwan da aka cire wa gishiri da ma'adinai, zai kashe shi da wuri. In zaka saya duba wadda ake iya canza mata kai, dan shekara ɗaya zuwa biyu kan yake yi ya fara jinkiri yana yawo da lamba.

Na ƙarshe shine wanda sandar awon ke zaune a ruwa dare da rana, kamar Apex na Neptune Systems ko ProfiLux na GHL. Yafi sauran tsada nesa, amma shi kaɗai zai zana maka hawa da saukar pH a waya, kaga inda ya faɗi ƙarfe biyar na asuba kana bacci. In kana da murjani mai tauri irin Acropora ko kana zuba kalkwasa (ruwan kalsiyam haidiroksaid) da injin ɗigo, inaga wannan ya cancanci kuɗinsa. Shima fa sai da saiti duk wata ko wata biyu, kuma ka nisanta wayarsa da wayoyin famfo da na fitila.

To ka auna ka tabbatar yayi ƙasa, me zaka saya? Tukuna dai, auna alkaliniti, wato ƙarfin ruwan na shanye asid, in yana tsakanin 7 da 11 a ma'auninsa na dKH to matsalarka CO2 ce kusan ko da yaushe. Ɗebi ruwan tankin a kofi ka kai waje ka sa masa dutsen kumfa na awa ɗaya ka sake aunawa, in ya hau to iskar ɗakinka ce. Iskar waje CO2 ɗinta wajen 420 ppm ne, wato kashi 420 cikin miliyan, ɗaki rufaffe mai mutane yana wuce 1000 cikin sauƙi. Garin nan da ake rubutawa yana ɗaga pH wallahi tausayin masu sayensa nake, pH ya hau na ƴan awanni ya dawo inda yake, alkaliniti kuma yayi ta taruwa har bakin murjani ya fara ƙonewa.

Buɗe taga kyauta ne, jan tiyon iskar sikima (injin da ke cire datti daga ruwa da kumfa) zuwa waje ma kusan haka. In ba hali sai gwangwanin tace CO2 mai ƙwayoyin soda laim masu shanye CO2 a bakin sikimar, yana aiki sosai saidai ƙwayoyin suna ƙarewa, in suka koma shunayya sai canji, to ka sa wannan a lissafi. Rifujiyam, wato ƙaramin tanki da ke haɗe da babban, mai ciyawar ruwa ta Chaetomorpha da ake kunnawa fitila da daddare yana rage faɗuwar dare. Kalkwasa kuma yana ba da kalsiyam da alkaliniti tare ya kuma ɗaga pH, amma shi kansa pH ɗinsa ya haura 12, dan haka ɗigo ɗigo ake sa shi da daddare a inda ruwa ke gudu, kuma kar ka fara shi sai kana da mitar da ka saita kwanan nan da abin awon alkaliniti a hannu.