Tamsulosin: ta riƙe min alwala, amma ta kusa kayar da ni a sahu

Tun da na haura sittin fitsari ya zame min alaƙaƙai. Cikin dare in yi ta tashi, in na je kuma sai yunƙuri, ya zo ɗis-ɗis, in fito ina jin saura. Likita a wani mustausaf (ƙaramin asibiti) nan Makka ya yi min gwajin jini na PSA da hoto, ya ce furostet, wata ƙaba da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ce ta kumbura ta matse hanyar fitsari. Ya rubuta maganin tamsulosin miligiram 0.4, ƙwaya ɗaya kullum bayan abinci.

Wallahi ban sa rai ba, don na sha jiƙe-jiƙen Shara Mansur, wata unguwa nan Makka, har na gaji. Amma ba a jima ba na ga canji. Ranar da na zauna a Harami tun Magariba har aka sallame Isha da alwala ɗaya, sai da na yi hawaye. Wanda ya san nisan banɗaki daga sahu, da cunkoson bayan salla, zai gane ni.

To amma fa akwai jiri. Wata Asuba a masallacin unguwa na miƙe daga sujada zan kawo raka'a ta biyu, sai duhu ya rufe min ido, gwiwa ta saki. Wani yaro a gefena ya tare ni da kafaɗa. Da aka sallame ya ce, "Baba Alhaji, lafiya kuwa? A kai ka gida?" A zaune na ƙarasa sallar nan, jikina na rawa. Da na koma, likita ya ce maganin yana sauke jini in mutum ya miƙe da sauri, balle ni mai shan maganin hawan jini. To me ya hana a faɗa min tun farko? Mai saidaliyya (kantin magani) miƙo kwali kawai ya yi, ya karɓi riyal ɗinsa.

A zaman nan da likita na ji cewa tamsulosin ba ta rage kumburin, tsokokin furostet da na bakin mafitsara kawai take sassautawa. Mai ragewa wata ƙwaya ce, finasteride, ita kuma sai wajen wata 6. Kuma dole in gaya wa likitan ido ina shan tamsulosin kafin aikin yanar idon da nake jira. Wannan ma sai da na tambaya!

Ina shan ta har yanzu, da daddare, ina miƙewa a hankali. Saidaliyyar nan kuwa na daina taka ƙofarta.