Kwas ɗin kula da tsofaffi da na yi a Mabera

Naira 15,000 na biya, Asabar huɗu, daga ƙarfe tara zuwa azahar. Wata cibiya mai zaman kanta ce a wajen unguwar Mabera a Sakkwato ta shirya wa ɗaliban lafiya. Ina shekarar ƙarshe a karatun kiwon lafiyar al'umma, ga kuma Kakata a gida ta haura tamanin, shi ya sa na ba da sunana.

Ranar farko saura kaɗan in ce a maido min kuɗina. Wani saurayi ya kunna majigi yana ta nuna mana gidajen tsofaffi na Japan, gado mai ɗagawa da kansa, banɗaki mai maɓalli. Ya karanto mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kai shekara 60 ko fiye. To mun ji. Amma wa zai kai uwarsa gidan tsofaffi a Sakkwato ya kuma iya shiga jama'a? Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareta babu mai, muka ƙarasa da fifita da takardun da aka raba mana, su ma duk da Turanci.

Asabar ta biyu ce ta fanshi kwas ɗin. Wata Hajiya ta zo, nas ce da ta yi ritaya, ko allo ba ta kalla ba. Ta toshe mana kunnuwa da auduga, ta ba mu tabarau da ta shafe da man shafawa, ta zuba wake a takalmanmu, ta ɗaura mana ƙullin yashi a ƙafa. Ta ce kowa ya ɗauki buta ya tsuguna kamar zai yi alwala, ya miƙe, sannan ya ware ƙwayoyin maganin safe daga na dare. Da dariya muka fara. Ni da na tsuguna sai da na dafa bango, ƙwayoyin kuwa duk fari fat nake gani. Tana gefena tana magana, sai motsin baki. Na tuna sau nawa na ce wa Kaka "ai na faɗa miki" cikin ƙosawa. Kunya ta kama ni.

Hajiya ta ce tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta cewa lafiya ta haɗa jiki da hankali da zamantakewa, rashin ciwo kaɗai bai isa ba. Ta fassara mana shi da tambayoyi: me tsohuwa ta ci, tana da haƙoran taunawa? Wa ya zauna hira da ita yau? Yaya hanyar bayan gida take da dare? Ta ce tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ga zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a Afrilu, sai ka ga ya rikice a ce ruɗewar tsufa ce, alhali ruwa ne ya yi ƙaranci a jikinsa.

Aikin gida da ta ba mu shi ne kowa ya zazzage ledar maganin tsohon gidansu. Ina buɗe ta Kaka ta ce, "Ke kishiya, mi kika biɗa cikin kayana?" Na ce, "Kaka, dukiyar mijina nake ƙirgawa." A ciki na tarar da maganin hawan jini iri ɗaya a kwali biyu, kamfani daban, ɗaya daga asibiti, ɗaya Kawu ya sayo a kemis, tana shan duka. Ga jiƙon sassaƙe a gora a ƙarƙashin gado. Ashe jirin da take kuka da shi yana da dalili. Ban taɓa komai ba, na kwashi ledar har da gorar muka kai wa likitanta, shi ya gyara. Da na zauna da ita kuma ta faɗa min daga magariba ba ta shan ruwa, wai tsoron duhun hanyar bayan gida. Fitila mai caji muka rataya a wurin, Baba ya sa aka kafa ƙarfen dafawa.

Asabar ta uku lissafin abinci ne, ba laifi. Ta huɗu aka ce za mu fita ziyarar unguwa, motar ba ta zo ba, kowa ya biya kabu-kabu daga aljihunsa. Kan kaɗaici da ciwon mantuwa kuwa minti ashirin kawai aka yi, alhali nan ne masu jinya a gida suka fi jigata.

Wanda zai yi rajista ya fara tambaya ko Hajiyar nan ce za ta koyar, kuma ya tafi da ruwan shansa. Takardar shaidar da aka ce za a ba mu cikin mako biyu, yau wata biyu ke nan ina zarya.